Wa Ya Ce Rumbu Ƙauyanci Ne?

Hutun da ya wuce na tahi Jiratawa, na iske kawuna ya rushe ruhewar kakanmu, ya gina magaza ta siminti da rufin tol. Kowa na yi mishi barka. Ni dai ban yi ba.

Ba canji nike ƙi ba. Maraɗi kanta ta taɓa tashi: ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari a fadama, aka hau tudu aka sake gini. Rumbu ma ya sha sauyi, daga na kara zuwa na laka da ake ɗorawa bisa duwatsu don gudun gara da danshi. Amma a duk sauyin nan, dami ake jerawa ciki. Hatsi a zangarniyarshi ya fi jure ƙwaro, yana iya kai wata kakar har ya wuce. Kuma kafin a sai da shi sai an hau, an hiddo, mata sun sussuka, gida duka ya sani.

Magaza kuwa buhu take ci. Ɗan kasuwa ya zo da kaka, a buɗe kwaɗo, a ɗora ma amalanke, ba wanda ya ji ƙarar turmi. Damina na faɗuwa sai ka ga maigida a kasuwar Maraɗi yana awon tiya ɗaya-ɗaya da tsada. Ku tambayi iyayenku 2005: hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin sayenshi ne ya gagara.

Za ku ce ɓarayi da gobara fa? Gaskiya ne. To a gyara mana! A sa ƙofar ƙarfe, a matso da shi cikin gida. Don tsoron ɓarawo ba a rushe abin da ke hana ka sace kanka.

Mu ɗalibai mun fi kowa laifi. Muna ta yanga da "rumbun bayanai" a kwamfuta, amma da na tambayi wani abokina ɗan Tsibiri bambancin rumbu da ruhewa, sai ya ce: "Kai, wannan ai zancen tsoffi ne!" Hwa! Tsoffin ne suka cishe ka.

In kun tahi hutu, ku nemi maginin ruhewa na garinku, ku zamna ku rubuta mi yake cewa. Namu ya tsufa, kuma ba shi da almajiri ko ɗaya.