KISAN DA AKA RAƊA WA SUNA "ƘAUNA": RADDI GA FINAFINAN DA KE ƘAWATA HALAKA TSOFAFFI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da ajali suke hannunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon rahama, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, masu shirya finafinai a Turai da Japan sun daɗe suna ɗaukar tsufa da jinya da mutuwa su gina labari a kansu, kuma waɗannan finafinai sun daina zama abin da ke can nesa, domin wayar da ke aljihun matashi ta isa ta kawo su har cikin ɗaki. Ambaton mutuwa a kan kansa ba abin zargi ba ne, hasali ma shari'a ta kwaɗaitar da yawaita tuna ta. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani saƙo da ake cusawa a cikin wasu daga cikinsu, wato wai idan tsoho ya gaza, jinyarsa ta yi tsawo, to ƙololuwar soyayya ita ce a gaggauta raba shi da ransa.

FIM ƊIN DA DUNIYA TA TAFA WA

A shekarar 2012 wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Michael Haneke ya fitar da fim da harshen Faransanci, ya sa masa suna Amour, ma'ana ƙauna. Labarin wasu tsofaffi ne mata da miji, Georges da Anne, malaman kiɗa da suka yi ritaya, duk sun haura shekara 80, suna zaune su kaɗai a wani gida a birnin Paris. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama matar, ta sa mijin ya yi mata alkawarin ba zai sake mayar da ita asibiti ba. 'Yarsu tana zaune a wata ƙasa, sai dai ta leƙo jefi-jefi ta yi kuka ta koma. Ciwo ya tsananta har magana ta gagara. Ran nan mijin ya zauna a bakin gado yana ba ta labarin ƙuruciyarsa har ta natsu, sai ya ɗauki matashin kai ya danne mata fuska har ta daina motsi. Ya sayo furanni ya ƙawata gawar, ya liƙe ƙofar ɗakin, aka bar ta nan har sai da 'yan kwana-kwana suka ɓalle ƙofa suka same ta.

Wannan fim shi ya ci babbar lambar yabo ta bikin finafinai na Cannes a 2012, a 2013 kuma Amurka ta ba shi lambar Oscar ta fim mafi kyau a harshen waje. Masu kare shi suna cewa Haneke bai yi wa kowa fatawa ba, nunawa kawai ya yi ya bar wa mai kallo hukunci. Muna tambayarsu: to sunan fa? Wanda ya shafe kusan sa'a biyu yana nuna maka haƙurin miji da tausayinsa har zuciyarka ta karkata gare shi, sannan ya nuna maka shi yana kisa, sannan ya rubuta "ƙauna" a goshin aikin, ai ya riga ya yanke hukunci. Da ɗaci ya zuba wa mutane da sun tofar, amma sai ya kwaɓa gubar da zuma.

Ba mu musun cewa fim ɗin ya faɗi gaskiya game da nauyin jinya. Duk wanda ya taɓa juya majinyaci, ya wanke shi, ya kwana yana jin nishinsa, ya san abin ba wasa ba ne. Amma mai hankali ya dubi gidan nan da kyau. Tsoho ɗaya ne yake ɗauke da kayan da ya kamata zuriya guda ta ɗauka. Ban da mai kula da ginin da matarsa da ke kawo cefane, da masu jinyar da ake biya, da wani tsohon ɗalibi da ya zo gaisuwa, kusan babu mai taka ƙofar. Babu dangi masu karɓa-karɓa, babu jama'ar unguwa masu dubiya, babu mai tunatar da majinyaciya rahamar Ubangijinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cutar da ta cinye gidan ita ce kaɗaici da yankewar zumunci, sai mai fim ya tsallake cutar ya nuna kashe majinyaciya a matsayin mafita.

Kuma wannan kaɗaici ba ƙagen mai fim ba ne. A watan Agustan 2003 tsananin zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗakunansu a lokacin hutun bazara. A Paris sai da hukuma ta binne gawa fiye da 50 da ba wanda ya zo ya ce tasa ce.

DAGA MAJIGI ZUWA MAJALISA

Kada wani ya ce ai wasan kwaikwayo ne kawai. Ba mu ce fim ne ya kafa doka ba, amma ruwan da ke shayar da su ɗaya ne, kuma abin da ido ya saba gani zuciya takan daina ƙyamarsa. Holan ta fara aiki da dokar da ta halatta wa likita kashe majinyaci bisa buƙatarsa a 2002, Beljiyam ta bi sahu a shekarar. A 2014 Beljiyam ta cire iyakar shekaru, dokar ta haɗa har da yara. Kanada ta halatta a 2016, a 2021 kuma ta soke sharaɗin cewa sai wanda mutuwarsa ta gabato. A 2023 mutum fiye da 15,000 ne suka mutu ta wannan hanya a Kanada, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa 20, yawancinsu tsofaffi. A Holan a wannan shekarar adadin ya haura 9,000. A Fabrairun 2024 tsohon firayim ministan Holan, Dries van Agt, da matarsa suka mutu tare ta wannan hanya suna da shekara 93, jaridu suka dinga bayar da labarin kamar wata tatsuniyar masoya.

Abin da ya fi tayar da hankali yana cikin rahoton gwamnatin Kanada na 2022: fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka kashe ta wannan hanya sun ambaci cewa suna jin sun zama kaya a kan iyalansu ko masu jinyarsu. To ina 'yancin zaɓin da ake ta kururutawa? Tsohon da aka nuna masa ta kowace fuska cewa ya zama nauyi, idan ya nemi mutuwa, bakinsa ne ya furta amma al'ummarsa ce ta sa masa kalmar.

WAƊANDA SUKA ƊORA LAIFI INDA YAKE

Adalci ya wajaba ko a kan wanda muka saɓa da shi. Akwai masu fim da suka dubi wannan al'amari suka gane inda gizo ke saƙar, kuma mafi yawan misalan da za mu kawo daga Japan suke, ƙasar da kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65.

A 1953 Yasujiro Ozu ya shirya Tokyo Story. Wasu tsofaffi suka taso daga garinsu Onomichi don ziyartar 'ya'yansu a Tokyo. Ɗan likita ne, 'yar tana da shagon gyaran gashi, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa, har suka haɗa kuɗi suka tura iyayen wurin shaƙatawa don su sarara. Wadda ta kula da su ita ce matar ɗansu da ya ɓace a yaƙi. Da suka koma gida uwar ta rasu, ana gama jana'iza 'yar ta fara neman tufafin mamaciyar, 'ya'yan suka yi gaggawar komawa, aka bar tsoho zaune shi kaɗai. Wannan fim yana sa mai kallo ya ji kunya ya tuna iyayensa.

A 2022 kuma wata mata, Chie Hayakawa, ta fitar da Plan 75, inda ta ƙaddara gwamnati ta buɗe shirin kashe duk wanda ya kai shekara 75 idan ya sa hannu, har da tukuicin yen 100,000. Babu tilas a fili, sai murmushi da ladabi da tallace-tallace. Amma tsohuwa mai shekara 78 da aka sallama daga aikin shara a otal, ta rasa aiki ta rasa mai ba ta haya, ina za ta nufa? Hayakawa ta bayyana cewa kisan da wani matashi ya yi wa mutum 19 a gidan kula da naƙasassu a Sagamihara a 2016, bisa da'awar wai ba su da amfani, yana cikin abin da ya zaburar da ita. Wannan mata ta tona abin da Amour ya lulluɓe: ranar da aka fara auna ran mutum da amfaninsa, to mai rauni ba shi da mafaka.

MA'AUNINMU

Musulunci bai hana baƙin ciki ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, dukkansu da manyan shekaru, malaman tarihi sun kira ta shekarar baƙin ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da furucin fushi da ƙaddara. Haka kuma bai raina zafin ciwo ba, ya umarci a nemi magani, kuma ya yi bushara cewa wahalar da ta sami mumini tana kankare masa zunubi.

Amma rai amana ne, ba mallakar mai shi ba ne balle ta mai jinyarsa. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta haramta kashe kai, aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta girmama laifin kashe rai guda. A cikin Bukhari akwai labarin wani daga al'ummomin da suka gabata da zafin rauni ya ishe shi ya yanke hannunsa har jini ya ƙare, aka haramta masa Aljanna. An ma hana mumini burin mutuwa saboda cutar da ta same shi, an koya masa ya miƙa zaɓin ga Allah. Idan fatan mutuwa an hana, ina ga matashin kai a fuskar matar aure?

Kada kuma a rikita mas'aloli biyu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urar numfashi daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Barin abin da ba ya da sauran amfani daban, miƙa hannu a kashe mai rai daban. Ba wa majinyaci maganin da zai rage masa raɗaɗi kuwa aikin lada ne.

Ayoyi na 23 da 24 a Suratul Isra'i sun haɗa kyautata wa iyaye da tauhidi, suka keɓe lokacin tsufa da ambato, suka siffanta tsohon yana tsufa a wurin ɗansa, suka hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa. A cikin Sahihu Muslim kuma an yi tir da wanda ya riski tsufan iyayensa bai shiga Aljanna ta dalilinsu ba. Wanda fim ya kira nauyi, shari'a ta kira shi ƙofar Aljanna.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Neman abinci yana raba 'ya'yanmu da garuruwan iyayensu, kuma aiken kuɗi ta waya ba ya juya majinyaci a shimfiɗa. Mu raba kwanakin jinya a tsakanin dangi, maza da mata, kada a jibge ta a kan mace ɗaya har ta gaji. Mu raya sunnar dubiya, mu duba mai jinya kamar yadda muke duba majinyaci. Malamai su karantar da hukunce-hukuncen jinya a masallatai, iyaye su san abin da 'ya'yansu ke kallo. Masu shirya finafinai a cikinmu kuma su ji tsoron Allah a kan abin da suke koya wa zukata, kada kwaɗayin yabon baƙi ya sa su ƙawata abin da Allah Ya haramta.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.