Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masana Masu Raɗa Wa Sabbin Nau'o'in Fangas Suna

Zuwa ga malamai masu binciken fangas, wato rukunin halittun da ya haɗa funfuna da laimar kwaɗi da yis.

Nau'o'in da aka raɗa wa suna zuwa yau ba su wuce kusan 150,000 ba, alhali ƙiyasin Hawksworth da Lücking na 2017 ya nuna akwai tsakanin miliyan 2.2 da 3.8, don haka ba abin mamaki ba ne gaggawa ta shigo cikin aikin. Sai dai sunan da ba shi da samfurin asali, wato busasshen jikin halittar ko daskararren irinta da aka adana a sanannen ɗakin ajiya domin duk mai shakka ya je ya duba, nauyi ne kawai aka ɗora wa na baya. Tun daga 1 ga Janairun 2013 doka ta wajabta yi wa sabon suna rajista a MycoBank ko Index Fungorum ko Fungal Names, amma lambar rajista ba ta tabbatar da cewa nau'in sabo ne. Wannan hujja tana wuyan mai binciken.

A 2012 aka amince da yankin ITS na ƙwayar halittar gado a matsayin alamar tantance fangas, kuma ya taimaka ƙwarai, amma a cikin jinsi irin su Aspergillus da Fusarium ba ya iya raba 'yan'uwa makusanta. Wajibi ne a haɗa da wasu yankuna, a kuma siffanta kamannin halittar da yadda take tsirowa, domin Aspergillus flavus da danginta, waɗanda ke zuba gubar afilatoksin a gyaɗa da masara, suna kama da juna a ido alhali yawan gubarsu ya sha bamban, kuma kuskuren suna a nan yana iya kaiwa ga hantar mutum.

Sauya tsohon suna ma yana buƙatar hattara, ganin yadda mayar da Candida krusei zuwa Pichia kudriavzevii ya rikita likitoci da dama. Samfurin da aka ɗebo daga wata ƙasa kuwa, haƙƙi ne a nemi izini bisa Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, a bar wani kaso a ɗakin ajiyar ƙasar, a kuma sanya sunayen masu binciken gida da suka shiga daji cikin marubutan bayanin.