Wa ke da ikon cewa jirgi ya tsaya?

Duk shekara idan aikin hajji ya gabato, ƙorafin da ake ji a Yamai iri ɗaya ne: jirgi ya makara, maniyyata sun kwana a filin Diori Hamani, wane ya ci kwangilar jigila. Da wuya a ji wanda ya tambaya ko matuƙin jirgin da aka yo haya yana da ikon ƙin tashi ba tare da ya rasa abincinsa ba.

Ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya ɗauki alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Babban bakanike ya nemi a ƙara masu, amma jami'in kamfani mai kula da jigilar, da yake lokaci ya ƙure, ya sa aka tafi haka nan. Bincike bai samu shaidar an sanar da matuƙan ba.

Kafin kowane tashi, matuƙa kan lissafa wani mizanin gudu da suke kira V1, bisa nauyin jirgi da tsawon hanya da zafin gari. Ƙasa da shi ana iya taka birki a tsaya. In an wuce shi, sauran hanyar ba za ta isa ba, sai a tashi da matsalar a dawo. A Jidda tayoyin hagu biyu sun fashe tun kafin a kai wannan gudu. Matuƙan sun ji ƙara, sun ma yi zaton taya ce, amma babu na'urar da za ta tabbatar masu, kuma horon da aka ba su bai sa fashewar taya cikin dalilan fasa tashi ba. Suka tashi, suka naɗe ƙafafun jirgin cikin cikinsa alhali suna ci da wuta. Jirgin ya juyo, ya faɗi kusan kilomita 3 kafin hanyar sauka. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira.

Ɗora laifi ga matuƙi abu ne mai sauƙi, musamman da yake mamaci ba ya musu. Sai dai shi daƙiƙoƙi kaɗan ya samu, waɗanda suka hana gyaran kuwa suna ƙasa, da lokacinsu a hannu.

Saboda haka wajibi ne hukumar alhazai da kamfanonin jigila su rubuta ƙarara cikin kowace kwangila cewa jinkirin da bakanike ko matuƙi ya nema saboda gyara ba ya jawo tara. Ɗan kasuwar da ke ɗaga murya a ɗakin jira, da babban ma'aikacin da ke bugo waya don a gaggauta tashi, su ma suna cikin masu matsa wa bakaniken nan. Majalisar ministoci tana iya sa wannan sharaɗi tun kafin a buɗe neman kwangilar bana.