Wace jinga ɗalibi zai fara yi?

Ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wanda ke kwana a Bosso yana karatu a Gidan Kwano, hanya kan cinye masa sa'o'i. Abin da ya rage ba zai ishi kowace jinga ba. Da yawa kan fara da ta malamin da suka fi tsoro, alhali da nauyin kwas ake lissafin darajar digiri: kwas mai yunit 3 ya ninka mai yunit 1 sau uku. Jingar kwas mai nauyi ya kamata a gabatar, sannan wadda wa'adinta ya matso. Iyayen da ke turo kuɗi daga Abuja su riƙa tambayar wannan tsari tun farkon zango, domin ba a fafe gora ranar tafiya.