Kyanwa a ɗakin karatu: darasin bincike kafin zargi

Iyaye da dama a nan Zuru suna tambaya game da wasu littattafan Turanci da 'ya'yansu ɗalibai ke karantawa a waya: labaran binciken laifi marasa tashin hankali, waɗanda jarumansu ma'aikatan ɗakin karatu ne masu kiwon kyanwa. Ra'ayina shi ne a bar su su karanta, amma da sa ido, domin akwai abin ɗauka a ciki kuma akwai abin zubarwa.

Tsarin labaran kusan ɗaya ne. Ana aikata laifi a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, ba a siffanta zubar da jini, ba a kawo batsa, sai wani mutum wanda ba ɗan sanda ba ya bi diddigi har gaskiya ta bayyana. Agatha Christie ta Ingila ce ta shahara da wannan salo, da tsohuwar nan Miss Marple wadda littafinta na farko ya fito a 1930. A Amurka, Lilian Jackson Braun ta fara jerin littattafanta masu kyanwowi a 1966, ta rubuta 29. Daga 2010 kuma Miranda James ya zo da Charlie Harris, ma'aikacin ɗakin karatu, da kyanwarsa Diesel.

Babban amfaninsu shi ne horar da zuciya kan haƙuri kafin yanke hukunci. A galibin labaran, wanda jama'a suka fara nuna wa yatsa ba shi ne mai laifin ba. Mai karatu yana koyon cewa kama da wane ba ta wane, kuma jita-jita ba hujja ba ce. Wannan shi ne abin da aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci muminai da shi: tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Zuru gari ne na ƙabilu da addinai mabambanta masu cin kasuwa ɗaya. A irin wannan wuri, saƙo ɗaya na ƙarya a WhatsApp ko ihun "ɓarawo" yana iya salwantar da rai. Matashin da ya saba tambayar "ina hujja?" ba ya saurin ɗaukar dutse.

Kyanwar ma tana da nata darasi. Har yanzu wasu a cikinmu suna danganta ta da maita, yara su bi ta da jifa. Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, kuma laƙabin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, daga 'yar kyanwa ya samo asali.

Sai dai akwai gyara. Jaruman waɗannan littattafai sukan yi laɓe, su buɗe wasiƙun mutane, su leƙa gidajen maƙwabta. Aya ta 12 ta surar nan ta hana bin diddigin asirin mutane, don haka binciken laifi aikin hukuma ne, ba na kowane mai son sani ba. Wasu labaran kuma suna ba kyanwa ikon sihiri. Waɗannan a bayyana wa yaro cewa ƙage ne da ya saɓa wa aƙida. Haka nan kada yawan karanta kisa ya mayar da ran ɗan Adam abin wasa.

Ya ku iyaye, maimakon ƙwace littafin, ku tambayi ɗanku: wa aka zarga, da wace hujja, kuma wa aka zalunta? Ku kuma marubutanmu na Hausa, da kuka cika kasuwa da labaran soyayya tun shekarun 1980, ga fili nan a buɗe: ku rubuta mana labarin da gaskiya ke fitowa ta hanyar haƙuri da shaida. Allah Ya tsare harsunanmu daga ƙazafi.