Liebherr

Liebherr kamfani ne da ke ƙera manyan injinan gini, musamman ƙugiyar ɗaga kaya. An kafa shi a Jamus a shekarar 1949, hedikwatarsa kuma tana garin Bulle a ƙasar Suwizalan. Har yau mallakin iyalin wanda ya kafa shi ne.

Tarihi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, biranen Jamus sun zama kufai, ana buƙatar gidaje cikin gaggawa. Ƙugiyoyin lokacin manya ne, kafa su kaɗai yana cin kwanaki, ƙananan magina kuma ba sa iya amfani da su. Hans Liebherr, wani magini a ƙauyen Kirchdorf an der Iller, ya ƙera ƙugiya mai suna TK 10 wadda ake iya kai ta wurin aiki a harhaɗa cikin 'yan sa'o'i. Wannan ƙirar ce ta mayar da kamfanin gininsa masana'antar injina.

Bunƙasa

Kamfanin bai tsaya ga ƙugiya kaɗai ba. A 1954 ya fara ƙera injin haƙa ƙasa da kuma firiji, daga baya ya shiga kayan jiragen sama. Ya buɗe masana'anta a Killarney ta ƙasar Ireland a 1958, sannan a Ehingen a 1969, inda ake ƙera ƙugiyoyi masu tafiya a kan taya. Bayan rasuwar Hans a 1993, 'ya'yansa Willi da Isolde suka karɓi ragama. Daga cikin manyan ƙugiyoyinsa akwai LR 13000, mai ɗaga tan 3,000. A 2023 cinikin kamfanin ya haura Yuro biliyan 14, ma'aikatansa kuma sun wuce 50,000.

Hatsarin Makka

A ranar 11 ga Satumba 2015, ana cikin iska mai ƙarfi, wata ƙugiyar Liebherr ta faɗa cikin Masallacin Harami, ta hallaka fiye da mutane 100, har da alhazan Najeriya. Hukumomin Saudiyya sun ɗora laifin a kan kamfanin Saudi Binladin Group da ke aikin faɗaɗa masallacin, saboda an bar dogon hannun ƙugiyar a tsaye saɓanin ƙa'idar masu ƙera ta.

Halin da ake ciki

Babban ƙalubalen Liebherr a yanzu shi ne kamfanonin Sin irin su XCMG, Zoomlion da Sany, waɗanda ke sayar da injina da rahusa, suna kuma samun kasuwa a Afirka da Asiya. Liebherr ya dogara ne ga inganci, sabuwar fasaha kamar ƙugiya mai aiki da batir, da kuma yawan sassan kasuwancinsa: idan harkar gini ta ja baya, haƙar ma'adinai ko jiragen sama kan rufe giɓin. Da yake ba ya kasuwar hannun jari, yana da damar zuba kuɗi a bincike na dogon lokaci. Sai dai a ƙasashen da farashi ke gaba da komai, tsadar injinansa tana ba kamfanonin Sin damar ƙwace masu saye.