Hoton Na'urar Tsaro Shaida Ne, a Riƙe Shi da Isnadi

Jama'a, yau da wuya mutum ya ratsa Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari a Kano bai ga na'urar ɗaukar hoto maƙale bisa ƙofar wani kanti ba. Madalla da wannan. Amma fa rumbun na'urar nan ƙarami ne: in ya cika, sabon hoto take ɗorawa bisa tsoho. Attajirin da aka yi wa sata, in ya yi jinkiri, sai shaidarsa ta gushe tun 'yan sanda ba su iso ba.

Malamai sun fi kowa sanin ruwaya ba ta karɓuwa sai da isnadi. To, haka hoton nan yake gaban alƙali. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta, amma sai da shaidar baki ko takarda mai sa hannu wadda ta bayyana na'urar da yadda aka ciro shi. Hoton da ya sha yawo a wayoyi kuwa, lauya zai tashi ya ce, wa ya san abin da aka yanke?

Saboda haka muna kira ga 'yan sanda su buɗe littafi: wa ya karɓi hoton, yaushe, hannun wa ya shiga bayansa. Su kwafa, su ba mai kanti rasit, su bar masa na'urarsa. Ku kuma fatake, ku riƙa duba agogonta bayan an ɗauke wuta, gama in sa'a ta saɓa, ɓarawo ya sami abin musu.